DOKIN MAI BAKI YA FI GUDU: Labarin babbar sukuwar birnin Pari da dawakin da suka ci ta

Duk wanda ya taɓa zuwa Tibiri ranar hawan salla ya san darajar doki a ƙasar Gobir. Haka nan a Maradi, da Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji. In sarki ya fito, ga akawal, ga kili, ga bikili, ga danda, kowanne da jalala da sirdi mai ado. In aka saki linzami sai ƙura ta tashi, mata na guɗa, makaɗa na zuga mahaya. Abin ba yau ya fara ba. Tun da aka kafa Tibiri a wajen 1836, bayan yaƙin Gawakuke, bisa doki Gobirawa da Katsinawan Maradi suka tsare ƙasarsu.

Bayan salla kuma sai gardama. A gindin itace, ko a bakin kasuwa, wannan ya ce dokin garinsu ne ya zo na ɗaya shekara biyar da suka wuce. Wancan ya ce ƙarya ne, na garinsu ne. Ba takarda, ba shaida. Wanda ya fi ɗaga murya shi ke da gaskiya. Shi ya sa Hausawa suka ce dokin mai baki ya fi gudu.

To, akwai wata sukuwa a duniya wadda ba a cin ta da baki. Ta fi shekara 100 ana yin ta, kuma kome nata a rubuce yake: sunan dokin da ya ci, da ubansa, da uwarsa, da mahayinsa, da mintin da ya yi yana gudu. Sunanta da Faransanci Prix de l'Arc de Triomphe. A taƙaice ana ce mata Ark. Masu sauraron radiyo da masu tsayawa bakin kiyos na PMU sun sha jin sunanta. Ga labarinta, ga kuma abin da mai doki da manomi za su ƙaru da shi.

MAFARIN ABIN

Daga 1914 zuwa 1918 aka yi babban yaƙin duniya na farko. Mutane miliyoyi suka mutu, har da sojan Afirka masu yawa waɗanda Faransa ta ɗiba. Dawaki ma ba su tsira ba, don su ke jan kayan yaƙi. Da yaƙi ya ƙare, masu kiwon dawaki na Faransa suka so su tada sana'arsu. Sai suka ce bari a kafa sukuwa guda wadda za ta tara gwanayen dawaki na kowace ƙasa, manya da ƙanana, maza da mata, a ga wanda ya fi.

A tsakiyar birnin Pari akwai wata ƙatuwar ƙofa ta dutse mai suna Arc de Triomphe, watau ƙofar nasara. Ta ƙarƙashinta soja suka bi a 1919 suna murnar ƙarshen yaƙi. Sunanta aka ba sukuwar.

Ranar Lahadi 3 ga Oktoba 1920 aka yi ta farko, a filin Lonsham, kusa da kogin Sen. Filin tsoho ne, tun 1857 ake sukuwa a cikinsa. Wani doki ɗan shekara 3 mai suna Comrade shi ya ci. Mai shi Bafaranshe ne, a Ingila aka hore shi, mahayinsa kuma, Frank Bullock, mutumin Ostareliya ne. Tun ranar farko ke nan abin ya zama na duniya. Kyautar da aka ba shi faran 150,000 ce ta kuɗin Faransa na lokacin.

YADDA AKE YIN TA

Sau ɗaya ake yin ta a shekara, galibi Lahadin farko ta watan Oktoba. Lokacin ke nan da manoman jihar Maradi ke cikin girbin gero da ɗaurin dammuna.

Tsawon gudun mita 2,400 ne, watau kilomita 2 da mita 400. Bisa ciyawa ake yi. Ba shingen tsallakawa, ba rami, gudu ne zalla. Dawakin kan cinye wannan tsawo cikin wajen minti 2 da rabi. Saurinsu ya kan kai kilomita 60 a awa, kamar mota bisa kwalta. Wadda ta fi kowa sauri ita ce goɗiya mai suna Found, a 2016: minti 2 da sakan 23 da ɗoriya.

Sai doki ya kai shekara 3 ake karɓarsa. Har zuwa sukuwar 2025 ba a karɓi dokin da aka fiɗiye ba. Dalili shi ne ana neman iri. Wanda ya ci, shi za a kai wa goɗiyoyi ya yi barbara.

Akwai dokar nauyi. Ɗan shekara 3 yana ɗaukar kilo 56 da rabi, mahayi da sirdi duka. Wanda ya kai shekara 4 ko ya fi yana ɗaukar kilo 59 da rabi. Goɗiya ana rage mata kilo 1 da rabi. Ana ɗora mahayi bisa sikeli da sirdinsa kafin gudu. In bai kai nauyi ba, a cika masa da dalma. In an gama a sake auna shi. Ana kuma gwada jini da fitsarin dawaki, kada a ba wani maganin da doka ta hana. A 2006 wani shahararren doki na Japan, Deep Impact, ya zo na uku, amma gwaji ya nuna magani a jikinsa, aka soke matsayinsa.

Filin Lonsham yana da wayo. Da farko hawa ne, sannan gangara. In an gangaro akwai wata miƙaƙƙiyar hanya wadda ke ruɗin mahayi, ya zaci an kusa. Alhali akwai sauran kwana, bayanta kuma akwai fiye da mita 500. Mahayin da ya saki linzami da wuri, dokinsa zai gaji kafin sandar ƙarshe, na baya su wuce shi yana kallo.

Kuɗin kyauta ya yi ta hauhawa. A 1949 aka sake haɗa sukuwar da wasan tikiti na gwamnatin Faransa, kyauta ta ƙaru ƙwarai. Daga 2008 ƙasar Katar ta shiga ɗaukar nauyinta. A 2025 jimlar kyautar yuro miliyan 5 ce, watau sefa miliyar 3 da miliyan 280. Mai na ɗaya shi kaɗai ya kwashi fiye da rabi.

ASALIN DAWAKIN

Mai karatu zai ce, wane irin doki ne wannan? Iri guda ne duka, kuma a Ingila aka samar da shi. Wajen shekara 300 da suka wuce aka kai wasu ingarmu uku Ingila daga ƙasashen Musulmi. Na farko ana ce masa Byerley Turk, an samo shi wurin yaƙi da Turkawa. Na biyu Darley Arabian, an sayo shi a birnin Halab na ƙasar Sham a 1704. Na uku Godolphin Arabian, ya fito daga Tunis, ya bi ta Faransa, ya isa Ingila a wajen 1730. Aka haɗa su da goɗiyoyin Ingila. Duk dokin da ke gudu a Ark yau, in aka bi ubansa da kakansa har can baya, sai an tarar da ɗaya daga cikin ukun nan. Mafi yawa jikokin Darley ne.

Dawakin ƙasar Hausa ma daga arewa da gabas kakanninsu suka zo, ta hamada da ta Barno. Ashe ɗan Bagazam da ɗan Barno dangi ne na nesa ga dawakin Lonsham.

Abin da ya raba su shi ne zaɓe da rubutu. A 1791 Ingilishi suka buga littafin asalin dawaki. Tun daga nan, duk ɗan dukushin da aka haifa sai an rubuta ranar haihuwarsa, da ubansa, da uwarsa. Mai sauri a haɗa shi da mai sauri. Marar amfani a fid da shi daga kiwo. Dokin da babu sunansa cikin littafi ba ya shiga Ark, ko da ya fi iska gudu.

GWANAYEN FARKO

Bayan Comrade sai Ksar, dokin Faransa. Ya ci a 1921, ya sake ci a 1922. Shi ne na farko da ya ci sau biyu. Ksar ya haifi Tourbillon. Tourbillon ya haifi Djebel, wanda ya ci a 1942. Djebel ya haifi goɗiya Coronation, wadda ta ci a 1949. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Labarin Motrico yana da ban dariya. Ya ci a 1930, aka ajiye shi don barbara. Abin bai yi kyau ba. Sai aka ɗora masa sirdi aka mai da shi fili. A 1932, yana da shekara 7, ya sake ci. Har yau babu dokin da ya ci Ark yana da shekaru fiye da nasa.

Goɗiya ta farko da ta ci ita ce Pearl Cap, a 1931. Sannan Corrida ta ci sau biyu, 1936 da 1937. Mai ita, Marcel Boussac, attajiri ne mai masaƙun yadi, kuma sau 6 dawakinsa suka ci Ark. Ƙarshen Corrida abin tausayi ne. A 1944, lokacin da ake gwabza yaƙin duniya na biyu a yankin Normandi, ta ɓace daga makiyayarta. Ba a sake ganinta ba.

Wannan yaƙi ya taɓa sukuwar ma. Ba a yi ta ba a 1939 da 1940. A 1943 da 1944 kuma a wani fili mai suna Tremblay aka yi ta. Bayan yaƙi sai Tantième ya ci a 1950 da 1951.

ƘARAMIN DA AKA RAINA

A ƙasar Italiya akwai wani tsoho gwanin kiwo, sunansa Federico Tesio. A 1952 wata goɗiyarsa ta haifi ɗan dukushi ƙanƙane. Masu barga suka riƙa ce masa "ɗan ƙarami". Sunansa Ribot. Tsohon ya rasu a 1954, bai ga gudunsa a fili ba ko sau ɗaya.

Ribot ya shiga sukuwa 16 a rayuwarsa. Duka 16 ya ci. A 1955 ya ci Ark da tazarar tsawon doki 3. A 1956 ya dawo ya ci da tsawon doki 6. Ƴaƴansa biyu suka gaje shi: Molvedo a 1961, da Prince Royal a 1964. Tattaɓa-kunnensa Alleged ya ci sau biyu, 1977 da 1978. Mai sayen ɗan dukushi a kasuwa ya tuna da Ribot. Girman jiki daban, zuciya daban.

A 1965 aka tara gwanaye daga Faransa, da Ailan, da Amurka, har da Rasha. Sea Bird, dokin Faransa, ya bar su duka da tsawon doki 6. Masana dawaki da yawa sun sa shi cikin waɗanda suka fi kowa a ƙarnin da ya wuce.

A 1970 aka kawo Nijinsky daga Ailan. Sau 11 ya yi gudu, ba a taɓa cin sa ba. Amma ya yi ciwon fata cikin watan Agusta, aka kuma sa shi wata doguwar sukuwa a Ingila kafin ya murmure sosai. Ranar Ark, wani dokin Faransa mai suna Sassafras ya riga shi da kai ɗaya tak. Dokin da bai gama warkewa ba, ko shi ne sarkin gudu, a bar shi ya huta. Ɗansa Lammtarra, na gidan sarautar Dubai, shi ya rama masa a 1995.

Mill Reef ya ci a 1971. Shekara ta gaba ya karye a ƙafar gaba wurin horo. A da, dokin da ya karye haka kashe shi ake yi. Likitocin dabbobi suka yi masa aiki, suka ɗaure ƙashin da ƙarfe. Bai sake sukuwa ba, amma ya rayu ya yi barbara. Tattaɓa-kunnensa Dalakhani ya ci Ark a 2003.

A 1985 Sagace, wanda ya ci a 1984, shi ya riga kowa isa. Amma ya bangaji Rainbow Quest a hanya. Alƙalai suka duba hoton gudun, suka mai da Sagace na biyu, suka ba Rainbow Quest. A 1986 Dancing Brave yana can baya har kwanar ƙarshe. Mahayinsa Pat Eddery ya yi haƙuri, sannan ya fito da shi ta gefe, ya wuce kowa kamar kibiya. Waɗannan dawaki biyu na Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya ne. Shi ma sau 6 ya ci kafin rasuwarsa a 2021.

KADA A RAINA GOƊIYA

A ƙasar Hausa babban mutum ba ya hawan goɗiya ranar salla. Ingarma ake yi wa kirari. Goɗiya tana can bayan gari, ta ci abin da ta samu. Littafin Ark yana da magana a kan wannan.

Allez France ta ci a 1974. Daga 1979 zuwa 1983, shekara biyar a jere, goɗiyoyi ne suka ci: Three Troikas, Detroit, Gold River, Akiyda, da All Along. Ita Three Troikas mace ce ma ta hore ta, Criquette Head, mace ta farko da ta yi haka. Ɗan'uwanta Freddy ne ya hau. Ubansu Alec ya hori dawaki 4 da suka ci Ark, kakansu William ya hori 2. Gado ne, kamar yadda ake gadon ƙira ko jima. Detroit kuma ta haifi Carnegie, wanda ya ci a 1994. Zarkava, ta gidan Aga Khan, ta ci a 2008. Sau 7 ta yi gudu, ba wanda ya taɓa shan gabanta.

Amma uwar gayya ita ce Urban Sea. A 1993 mutane kaɗan ne suka sa mata rai, ta kuwa ci. Da aka mai da ita kiwo sai ta haifi Galileo, wanda ya zama babban ingarman barbara na zamaninsa. Ta kuma haifi Sea the Stars, wanda ya ci Ark a 2009. A 2016 dawakin da suka zo na ɗaya, na biyu da na uku duk ƴaƴan Galileo ne. Enable, da Waldgeist, da Alpinista, da Ace Impact, duk daga tsatson Galileo suka fito. Daryz, wanda ya ci a 2025, ɗan Sea the Stars ne. Kaka ta ci, ɗa ya ci, jika ya ci. Goɗiya guda ce ta cika littafi haka.

Kuma ba kullum mai tsada ke ci ba. Danedream, goɗiyar Jamus da ta ci a 2011, yuro 9,000 aka saye ta, watau wajen sefa miliyan 6. A wannan kasuwa, inda ake sayen ɗan dukushi ɗaya da miliyoyin yuro, wannan kuɗin goro ne.

ABIN DA YA GAGARA

Dawaki 8 ne suka ci sau biyu: Ksar, Motrico, Corrida, Tantième, Ribot, Alleged, Treve, da Enable. Har zuwa 2025 babu wanda ya ci sau uku. Treve, wadda ita ma Criquette Head ta hora, ta ci a 2013 da 2014. Ta nemi na uku a 2015, ta zo ta huɗu. Enable ta ci a 2017 da 2018. A 2019 tana gaba, jama'a sun fara ihu, ƙasa kuma ta jiƙe da ruwa ta yi nauyi. Saura ƴan taki Waldgeist ya wuce ta.

Mutanen Japan ma sun sha wuya. Tun 1969 suke kawo dawaki cikin jirgin sama, har zuwa 2025 ba su ci ba. Sau 4 suka zo na biyu: 1999, 2010, 2012 da 2013. Ta 2012 ta fi ciwo. Dokinsu Orfevre ya wuce kowa, ya ba da tazara. Sai ya karkace ya nufi shinge. Wata goɗiya mai suna Solemia, wadda ba a kula da ita ba, ta kamo shi a bakin sanda. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Cikin mahaya, Frankie Dettori ɗan Italiya ya fi kowa, sau 6 ya ci. Cikin masu horo kuma André Fabre na Faransa, sau 8.

Ga waɗanda suka ci a shekarun baya-bayan nan:

2015, Golden Horn, daga Ingila
2016, Found, daga Ailan
2017 da 2018, Enable, daga Ingila
2019, Waldgeist, daga Faransa
2020, Sottsass, daga Faransa
2021, Torquator Tasso, daga Jamus
2022, Alpinista, daga Ingila
2023, Ace Impact, daga Faransa
2024, Bluestocking, daga Ingila
2025, Daryz, daga Faransa

A 2016 da 2017 a filin Shantiyi aka yi ta, don ana gyaran Lonsham.

GARGAƊI GA MAI KUƊIN KAKA

Akwai wani gefe na wannan labari da ya shafi rumbu. A Faransa, tun 1930 aka kafa PMU, watau sa kuɗi a kan dawaki daga nesa ba sai an je fili ba. A 1954 aka ƙaro wasan zaɓen dawaki uku na farko. Daga baya abin ya yaɗu har Afirka ta Yamma. Mutum yana zaune a Maradi ya sa kuɗinsa a kan dokin da ke gudu a Pari, wanda bai taɓa gani ba.

Ya kamata kowa ya san yadda lissafin yake. Ana tara kuɗin duk waɗanda suka sa wuri guda. Ana cire wani kashi na masu shirya wasa da na hukuma. Abin da ya rage shi ake raba wa waɗanda suka dace. Ke nan kullum abin da ya fito bai kai abin da ya shiga ba. In mutum ɗaya ya samu, daga aljihun mutane masu yawa aka ɗebo masa. Wanda ya samu, gari duka sai ya ji. Waɗanda suka rasa kuwa shiru suke komawa gida.

Wasu na cewa su gwanaye ne, sun iya karanta takardar dawaki. To, a duba littafin Ark. A 1970 kowa ya ce Nijinsky, ya faɗi. A 2012 aka ce Orfevre, a 2019 aka ce Enable, duk suka zo na biyu. A 1975 Star Appeal na Jamus ya ci, wanda kusan ba mai sa masa ko dala: wanda ya sa 1 ya karɓi fiye da 100. A 2021 Torquator Tasso ya maimaita irin wannan. Masu dawakin da kansu, da likitocinsu, da mahayansu, ba su san wanda zai ci ba. Ina mai takarda a bakin kiyos zai sani?

Oktoba lokacin kaka ne, kuɗin gero da wake da gyaɗa na hannu. Damman da aka sayar aka kai caca, shi ne za a nema cikin watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, tiya kuma ta yi tsada. Malamai sun riga sun faɗi hukuncin caca. Hausawa kuma suka ce wanda ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar wulaƙanci. Kallon doki daban, sa abincin iyali a bayansa daban.

ABIN DA MAI DOKI ZAI ƊAUKA

Dokin Lonsham ba zai yi wa mutumin Cadakori ko Gangara aiki ba. Zafin bazara zai kayar da shi, abincinsa kuma ya fi ƙarfin talaka. Dokin ƙasar nan shi ya san rairayi, ya san ƙishirwa, ya iya yini yana tafiya. Ba dokinsu ne abin ɗauka ba, dabararsu ce.

Na farko, rubutu. Wanda ya shiga karatun manya ya iya wannan yau. Ya sayi kaye da bik. In goɗiya ta haihu, ya rubuta rana da wata da shekara, da launin ɗan, da sunan mai ingarman da ya hau ta. Goɗiya wata 11 take ɗaukar ciki, don haka wanda ya rubuta ranar barbara ya san lokacin da zai shirya. Ranar sayarwa kuma, dillali ba zai rage wa dokin daraja da baki ba. Wannan kaye zai yi wa shanu da tumaki da awaki amfani haka nan.

Na biyu, goɗiya. A ba ta harawa da dusa da kanwa da ruwa mai tsabta kamar yadda ake ba ingarma, balle in tana da ciki ko tana shayarwa. A kuma zaɓa mata ingarma mai lafiya, kada a bar ta ga wanda ta gamu da shi a daji.

Na uku, lafiya. A 2019 ciwon mura da majina ya kashe jakuna da dawaki masu yawa a Nijar da maƙwabtanta. Dabbar da ta fara tari ko majina, a ware ta, kada ta sha ruwa kwami ɗaya da sauran, kada a kai ta kasuwa ko hawan salla. A gaya wa likitan dabbobi da wuri. Ɗan dukushin da ƙashinsa bai yi ƙwari ba, kada a sa shi sukuwa don neman suna.

Na huɗu, tsari. In gari zai yi sukuwa, dattawa da samari su zauna tukuna. A auna fili da igiya, a cike ramu, a hana yara tsallakawa. A sa alƙalai a sandar ƙarshe, waɗanda ba su da doki cikin gudun. In an gama, wanda ya iya rubutu ya rubuta na ɗaya, na biyu, na uku, da sunan masu su da mahayansu. A ajiye kayen a gidan mai gari ko a fadar sarki.

Mutanen Pari da shafi guda suka fara a 1920, da sunan Comrade shi kaɗai. Garin da ya fara nasa a sallar bana, nan da shekara goma in gardama ta tashi a gindin itace, sai a aiki yaro ya ɗauko kaye.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare dabbobi daga ciwo. Amin.